Littafin Sallama Mai Sunan Kakana

Shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa, dangi suka ga na zauna ba aikin yi, sai suka ɗora mini rubuta tarihin gidanmu. Baffana ne ya kawo maganar, ƙanen mahaifina, wanda ya zama babban gida tun rasuwar mahaifin nawa. Ana shirin taron zumunci bayan Babbar Sallah a nan Ƙanƙara, ana so a buga ɗan littafi da kalanda a raba wa kowa.

"Kai ne malamin tarihi," in ji shi. "Ka jero mana su tun daga na farko har jikokinmu. Amma tsohon soja shi za ka ba fili sosai, don da shi aka san mu."

Tsohon soja shi ne kakana, mahaifinsu. Haka duk unguwa take kiransa, gidan namu ma Gidan Soja ake ce masa har yau. Mun tashi da sanin ya je yaƙin duniya na biyu, Turawa sun kai su ƙasar Burma, wadda tsofaffi suke kira Boma. Na riske shi da wayona. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure. Bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya ba mu labarin jirgin ruwan da suka yi kwanaki a ciki ba su ga ƙasa ba, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsakun da ke shiga cikin takalmi su sha jinin mutum, sai an ɗana musu wutar taba su saki. Ni kuma na kwashi waɗannan labarai na yi shekara talatin ina zuba wa ɗalibai a aji. Duk shekara in muka zo kan yaƙin, sai na rufe littafi na ce, "Yau ba daga takarda za ku ji ba, daga bakin jikan wanda ya je za ku ji."

Takardun tsohon suna hannun gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta haura tamanin. Da na je karɓa sai da ta ja ni da hira ta kusan awa guda kafin ta buɗe adaka.

"Mi za ka yi da su?" ta ce. "Abin da ka ji bakin tsoho bai ishe ka ba?"

Na ce rubutu yana son shaida. Ta fito da wani tsohon gwangwanin alawa. A ciki akwai lambobin yabo biyu da ƙyallayensu suka koɗe, da wani ɗan littafi mai ruwan ƙasa wanda gara ta ci gefensa. Shi ne littafin sallama, wanda ake ba soja in an gama da shi. Tun muna yara daga nesa ake nuna mana shi, ban taɓa riƙe shi ba sai ran nan.

A gida na zauna na karanta. Sunan kakana ne, sunan mahaifinsa ne, garin ma daidai, wani ƙauye kusa da Daudawa inda aka ce daga can muka taso. Sai na zo shafin da aka siffanta mai littafin. Tsawon da aka rubuta, da na auna a jikin bango, iyakarsa kafaɗata. An rubuta cewa yana da rauni a ƙwaurin hagu, yana ɗingishi. Aikinsa kuma ɗaukar kaya. Kakana cewa yake babbar bindiga ya riƙe. Kuma na sha zuba masa ruwan alwala, na san ƙwaurinsa duka biyu, sumul suke. Har ya koma ga Allah da ƙafa yake zuwa gona ya dawo.

Na koma wurin gwaggo da littafin. Ta ce ai akawun Bature ne ya yi kuskure, ta jawo carbinta ta juya mini gefe. Sai da na sa takalmi zan fita ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In ka je Daudawa, kada ka ce ni na aike ka."

Na jira ranar kasuwar 'Yankara, don ran nan ne motoci suke yawa, mutum ba ya bin hanya shi kaɗai. Daga can mai babur ya kai ni Daudawa. Ƙauyen namu ba kowa a cikinsa yanzu, 'yan bindiga sun tashe shi, mutanensa sun dawo cikin gari suna raɓe a gidajen 'yan'uwa. Da na yi tambaya aka kai ni wurin wani tsoho da aka ce ya girmi kowa a cikinsu. Na same shi a wata 'yar rumfar kara yana tufkar igiyar rama, idonsa ya yi hazo amma kunnensa garau. Na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifin kakana, na ce ni jinin ɗansa ne, wanda ya yi soja.

Ya dakata da tufkar. "Wane daga ciki? Wanda ya tahi, ko wanda ya shiga rumbu?"

Na ce, "Baba, ban gane ba. Ai ɗa namiji guda aka ce mana yana da shi."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Ya ce su biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban dogo, ƙaramin gajere. Lokacin da aka ce kowane gari ya ba da mutane, sunan babban aka rubuta, don shi ne ƙaƙƙarfa. Ranar da aka zo tafiya da su, babban ya haye rumbun dawa ya ja murfi, ya kwana biyu a ciki. Uban ya ga za a wulaƙanta shi gaban jama'a, sai ya kama hannun ƙaramin, wanda ko aure bai yi ba, ya ce ga shi nan, shi ne. Ba hoto a lokacin, ba wanda ya tsaya bincike. Duk garin an sani, ba wanda ya yi magana.

"Ina yaro sa'annan," in ji tsohon, "amma ina tsaye. Yaron nan bai yi kuka ba. Uwar ce ta bi su har bakin rafi. Da sunan wansa ya tahi, da shi ya riƙa amsawa har aka gama."

Bayan damina uku ko huɗu ƙaramin ya dawo yana jan ƙafa, da akwati da kwat da wannan littafi. Ya tarar uban ya rasu, an ce shi ma ya mutu a can, gonarsa ta shige cikin ta wansa. Wan ya tarbe shi da murna, ya yanka masa akuya, ya yi watanni yana zaunar da shi yana tambayarsa yadda aka yi. Daga baya ya ce masa, littafin nan fa sunana ne a jiki, in Turawa suka gane an yi musanya dukkanmu za a ɗaure, kawo in ɓoye. Ya ba shi, har da lambobin. Kafin kaka ta zagayo, wan ya sayar da gonakin duka, ya kwashi iyalinsa ya koma Ƙanƙara inda ba a san su ba. A can ya nuna littafin aka ba shi gadi a wani kamfanin sayen auduga, don lokacin tsofaffin sojoji ake fara ɗauka. Ƙanen kuwa ya yi kudu, wajen Sabuwa.

Aka kawo mini fura a kwanon sha. Na karɓa na ajiye gefe. Abin da ya tsaya mini a rai ba rumbun ba ne. Tsoro kowa yana iya ji, ni ma ban san abin da zan yi ba in da ni aka zo ɗauka. Watannin nan ne da kakana ya yi yana zaunar da ƙanensa gurgu yana tatsar labari. Ashe jirgin ruwan da matsattsakun duk a bakinsa ya kwashe su, kamar yadda ya kwashe gonar. Ya zo ya shimfiɗa buzu yana ba mu, har yana nuna mana a ƙafarsa inda matsattsakun suka kama shi.

Sai da na yi mako uku kafin na samu hanyar Sabuwa ta yi dama. Ban san kowa a can ba, sai na bi ta wurin tsofaffin bakin masallaci. Da na ce ina neman zuriyar wani gajeren mutum mai ɗingishi da ya zo daga wajen Daudawa, nan take ɗaya ya ce, "Gurgun Boma kake nufi? Wanda yake cewa ya je yaƙi?" Suka yi dariya su uku. Suka ce ya daɗe da rasuwa, amma ɗiyarsa guda tana nan, tana yin daddawa.

Na same ta a tsakar gida tana wanke kalwa, gajeriyar tsohuwa mai kimanin shekara saba'in. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ina wuni." Na faɗa mata ko ni wane ne.

Ta ɗauraye hannunta a hankali, ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Ban zama gwaggonka ba tukuna," ta ce. "Zamna dai."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ciwon ƙafar uban nata bai taɓa rufewa ba har ya mutu, gyambo ya zama. Ita ce mai wanke shi kullum da ruwan zafi ta barbaɗa garin bagaruwa, tana korar ƙuda da mafici. Da igiya da tabarma ya ciyar da su, don ba ya iya noma mai yawa. In aka yi tsawa sai ya kwanta rub da ciki duk inda yake, ko cikin kasuwa ne, yara su taru suna ihu. Wata shekara aka yi shela tsofaffin sojoji su je a rubuta su. Ya wanke kwat ɗinsa ya je, aka ce ina takarda, ya ce tana wurin wansa, aka ce ya ba mutane wuri. Daga ran nan sunan Gurgun Boma ya bi shi.

"Shi ne ya ɗauke ni muka tahi Ƙanƙara," ta ce. "Ban fi shekara goma ba. Kwana biyu muna hanya. Ni murna nake za ni gidan baffana."

A zaure aka ajiye su. Ba a shigar da ita cikin gida ba, ko ta gaida matan. Aka turo musu tuwo a kwanon baƙi. Kakana ya fito ya tsaya, bai zauna ba, ya ce littafin ai gobara ta cinye shi tuntuni. Ya sa aka auno musu dawa a ɗan buhu. Da suka fito, yaran gidan suka biyo su suna kwaikwayon tafiyar uban nata, don an ce musu wani mai taɓin hankali ne daga ƙauye. Ɗaya ya jefe shi da ƙwallon goriba a ƙeya.

"Ba na mance shi. Haƙorin yaron na gaba guda a karye," ta ce.

Baffana yana da karyayyen haƙori a gaba tun yana yaro. Da ya je Makka ne ya rufe shi da na zinariya.

Na tambaye ta ko ta ga wani saurayi a gidan, don lokacin mahaifina ya kai ashirin. Ta ce akwai wanda ya kawo musu ruwa a buta, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ban sani ba ko shi ne. In shi ne, to ya sani, kuma ya bar ni na shekara talatin ina ƙarya a gaban 'ya'yan mutane.

Washegarin dawowata na sami baffa a shagonsa na hatsi a kasuwa. Kafin in buɗe baki ya miƙo mini wayarsa. "Dubi aikin da yaran nan suka yi." Hoton kalandar ne. An ɗauko kan kakana daga hotonsa na tsufa, an rage masa furfura, an ɗora a kan jikin wani soja mai kaki da bindiga, an jera masa lambobi a ƙirji sun fi shida. Wuyan ma bai zauna daidai ba.

Na ce, "Baffa, na je Daudawa. Na je Sabuwa." Na faɗa masa duk abin da na ji, ban rage ba, har da ƙwallon goriba.

Na zaci zai musa. Da ya musa ma da na fi jin sauƙi. Sai ya ci gaba da duban wayarsa ya ce, "To, sai mi? Mun sani."

"Kun sani?"

"Manyanmu duk sun sani. Abu ya wuce shekara tamanin. Wanda ya yi ya tahi, wanda aka yi mawa ya tahi. Kai yanzu kabari za ka tona? Ƙanenka yana neman kansila, takardunsa duk an buga ɗan Gidan Soja. So kake ka ba abokan hamayya abin dariya?"

Na ce ɗiyar mutumin tana raye, tana wanke kalwa da hannu a shekara saba'in, 'yar'uwarsa ce ta jini. Ya ce in don wannan ne zai aika mata da buhun masara. Yana magana haƙorin zinariyar yana walƙiya, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga kansa. Na ce ba zan rubuta abin da suke so ba. Ya ce ba komai, akwai masu rubutawa.

Aka ba wani ɗan'uwanmu, wanda na koyar a aji uku na sakandare. Bai je ko'ina ba, bai tambayi kowa ba. Abin da na faɗa musu a aji shi ya zauna ya rubuta, kusan kalma da kalma, har da inda nake cewa kakana ya riƙe babbar bindiga shi kaɗai. Da littafin ya fito na buɗe, muryata na ji a ciki.

Ranar taro an kafa rumfuna a ƙofar gida, an yanka sa, an zo daga Funtuwa da Kaduna da Abuja. Gwaggo ta ce ƙafa tana mata ciwo, ba ta fito ba. Aka ɗora lambobin nan biyu a kan faranti aka zagaya da su, mata suna guɗa, matasa suna ɗaukar hoto. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa. Da mai gabatarwa ya ce malamin tarihinmu zai yi jawabi, aka miƙo mini abin magana, na miƙe na dubi jama'a, na ga 'ya'yana a ciki, na ga surukaina. Sai na ji bakina yana cewa Allah ya jiƙan magabatanmu, Allah ya ƙara mana zumunci. Aka shafa. Na zauna. Naman da aka ajiye a gabana har aka tashi ban taɓa shi ba, kuma ba baffa nake ƙyama ba a wannan lokacin, kaina nake ƙyama.

Lambobin suna hannunsu, amma littafin sallamar yana wurina, ban mayar ba. Bayan sati biyu na sa shi a aljihu na koma Sabuwa. Na miƙa wa tsohuwar da hannu biyu. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce ashe gobarar ba ta ci shi ba. Ta ce in karanta mata. Da na karanta sunan ta ce in wuce nan, wannan ba nasu ba ne. Na karanta tsawon, na karanta aikin, na zo kan raunin ƙwaurin hagu.

"Tsaya," ta ce. "Haka suka rubuta? Hagu?"

Na ce haka suka rubuta.

Ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Muka je bakin masallaci, wurin tsofaffin nan da suka yi dariya. Ta tsaya daga nesa kaɗan kamar yadda mata suke yi, ta ce, "Malam, karanta masu." Na karanta da Turanci na fassara, sau biyu, na kuma faɗa musu yadda aka yi sunan ya zama na wani, da bakina, na ce kakana ne. Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya cire hula ya shafa kai ya ce shi ma yana cikin yaran da suke bin sa a kasuwa. Ita dai ta karɓi littafinta ta ƙulle a bakin zane ta juya gida. Da zan tafi ta ba ni daddawa a leda ta ce in kai wa matata.

Magana ba ta zama wuri ɗaya. Direbobin da ke zuwa Sabuwa suka kawo ta Ƙanƙara, har wani ya tsokani ɗan takarar namu da ita a wurin mai shayi. Sai ga baffa ya aiko a kira ni. Na tafi da shirin faɗa, na tarar da shi cikin fara'a, har da sa a kawo mini lemo.

Ya ce ya yi tunani, ya ga ina da gaskiya, bai kamata a bar ƙanen tsoho a baya ba. Ya ce kalandar baɗi za a sa su su biyu, wa da ƙane, a rubuta cewa gidan nan 'ya'ya biyu ya bayar a yaƙin Boma, ɗaya ya riƙe bindiga ɗaya ya samu rauni. Ya ce ai hakan ma ya fi armashi. Abin da ake bukata kawai in karɓo hoton mutumin a wurin ɗiyarsa, in kuma babu, yaran za su iya haɗa wani.

Na ajiye lemon ban buɗe ba. Na ce masa mutumin bai taɓa ɗaukar hoto ba, kuma in yana son wani abu a wurinta, motar Sabuwa tana tashi daga tasha kullum da safe, ya je da kansa, za ta gane shi. Na sa takalmina na fito. Har yanzu bai je ba.